Iyan Lambu ta rasu, an fara maganar sayar da gonarta

Ɗan_Kwarbai
Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ban ce komai a nan ba, sai dai in karanta in wuce. Yau kwana arba'in da uku da rasuwar kakata, mahaifiyar babanmu. Mu jikoki Iya muke ce mata, mutanen unguwa kuwa Iyan Lambu, domin in ka zo da hantsi ka same ta a ɗaki, to ciwo ne ya kwantar da ita.

Tana da gona a gangaren Galma ta wajen Dakace, rabi tudu rabi fadama. Akwai ɗorawa uku, tsamiya ɗaya, kanya ɗaya, da mangwaro bakwai. 'Ya'yanta bakwai ne, kowanne da bishiyarsa, da sunan mai ita ma take kiran kowace. Za ka ji tana cewa "Baffanku bai yi 'ya'ya ba bana", ashe mangwaro take nufi. Mu kuma kowane jika yana da kunyarsa ta gyaɗa. Ranar Juma'a in an sauko masallaci duk wanda ke gari a wurinta zai ci abinci, wanda bai zo ba kuwa sai ta aika masa da kwano, tare da saƙon baƙar magana.

To yanzu iyayenmu sun zauna, an fara maganar a yanka gonar fuloti-fuloti a sayar a raba kuɗi. Ni jika ne, babana na da rai, na san ba ni da ko taku ɗaya a ciki. Amma wallahi barci ya ƙaurace mini. Akwai abin da zan iya yi? Wanda kuma ya taɓa samun kaka irin wannan ya ba ni labari, ko na ji sanyi.

UmmuSadiq
Wa alaikumus salam. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Iya, ya sa ta huta, ya ba ku haƙuri.

Abba_Gyallesu
Allah ya gafarta mata, ya kyauta namu zuwan.

Bakanon_Asali
Allah ya jiƙanta da rahama. Amma ɗan uwa, ko a wurin ta'aziyya sai Zazzaganci ya leƙo? Iyar Lambu ake cewa. Mace ce fa.

Bazazzagiya
@Bakanon_Asali ka ga, ba mu son neman magana da sassafe. Matan nan a Zariya ya zauna, a Zariya ya rasu, yadda muka kira shi haka za a kira shi. Je ka ji da gurasanka.

Bakanon_Asali
"Matan nan ya zauna." Na rufe bakina, kin gama mini aikin. A kai mini gaisuwa wurin tukunyar fate.

Malam_Limanci
Allah ya jiƙan Hajiya. Bari in amsa tambayar kafin Bakano da Bazazzagiya su tashi zaman.

Ka faɗi daidai, jika ba ya gado matuƙar akwai ɗa namiji na mamaciyar. In 'ya'yan nan bakwai su kaɗai ne magada, ba miji ba iyaye, namiji zai ɗauki rabon mata biyu. Amma kafin a raba sai an biya bashi, sannan a duba wasiyya, ita ma ba ta wuce sulusi. Ka bincika ko ta taɓa cewa an bar wa jikoki wani abu a gaban shaidu, domin jikan da ba ya gado ana iya yi masa wasiyya.

Maganar mangwaro kuma, kiran bishiya da sunan mutum bai mai da ita tasa ba. A mazhabarmu ta Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa na da lafiya. In ita ce ke tsinka ta raba har ta rasu, to bishiyoyin sun shiga gado.

Sai abu na uku, shufa'a. Matuƙar gonar ba a raba ta ba, in ɗaya daga cikin magada ya sayar wa bare rabonsa, sauran suna da haƙƙin su biya kuɗin su karɓe. Wannan ƙofar ta mahaifinka ce, ba taka ba.

Ɗan_Kwarbai
Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. Maza uku ne, mata huɗu. Kakanmu ya daɗe da rasuwa. Wasiyya ban ji ba.

Malam_Limanci
To kashi goma ke nan. Kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya.

Sadauki_77
Allah ya jiƙanta. Amma ni abin da ya ɗaure mini kai, mace a cikin birnin Zariya, gidan mutunci, kullum tana daji? Ina kulle? Mu kakarmu tun da aka kawo ta gidan kakanmu ba ta san hanyar kasuwa ba har ta koma ga Allah. Ba suka nake yi ba, tambaya ce.

Hajjo_TudunJukun
@Sadauki_77 da ganin maganarka yaro ne kai. Kulle na matan aure ne masu ƙuruciya. Mace in ta manyanta, ta aurar da 'ya'ya, balle mijinta ya rasu, wa zai tsare ta? Su waye ke kai kayan gara? Su waye ke zuwa barka da ta'aziyya ƙauye-ƙauye, su waye dillalai, su waye ungozoma? Ai tsofaffin nan su ne ƙafafun gida. Matan da ke cikin kulle ma da tsofaffi da yara suke sana'arsu.

Tawa kakar a Anguwan Juma take. Duk kaka in an cire gyaɗa, sai ta ɗauki ƙwarya da 'yar fartanya ta kwashe mu mu tafi kala. Mu yini muna tonon abin da masu gona suka bari. Da gyaɗar kalar nan ta yi mini ƙuli-ƙuli da tunkuza na tafi da su makarantar kwana. Yau shekarata hamsin da takwas, in na ji ƙamshin ɗanyar gyaɗa da ƙasa a jikinta sai hawaye.

Malam_Limanci
In ƙara a kan maganar Hajiya. A cikin Sahihu Muslim, Jabir ɗan Abdullahi ya ce an saki 'yar uwar mahaifiyarsa, ta so ta fita ta yanki dabinonta, wani mutum ya hana ta, Manzon Allah (SAW) ya ba ta izini ta je. Tana cikin idda ma ke nan. Hadisin nan kuma da kowa ya sani, cewa Musulmi ba zai dasa itace ba mutum ko dabba ko tsuntsu ya ci face an rubuta masa sadaka, a wata ruwayar Muslim a gonar dabinon wata mata Ba'ansariya aka faɗe shi, Ummu Mubasshir.

Sadauki_77
Na karɓa Malam. Hajiya a yi haƙuri.

Manomin_Samaru
Allah ya jiƙan Iya. @Ɗan_Kwarbai ina son in tambaya, ɗorawar nan ita ta dasa? Don mutanenmu ba su cika dasa ɗorawa ba. Tsirowa take yi da kanta, manomi in yana noma ya gan ta sai ya kewaye ta ya bar ta. Haka kanya, haka kaɗanya. Abin da ya sa nake tambaya, itace ne mai jinkiri, sai ya shekara da yawa kafin ya fara 'ya'ya. Wanda ya dasa ɗorawa ba don cikinsa ya dasa ba.

Ɗan_Kwarbai
Biyu ta tarar da su. Ta ukun ita ta shuka kalwa a fasasshen tulu a bayan ɗakinta, ta kai ta gona a ka, ta kewaye da ƙaya saboda awaki. Ta ce shekarar da aka haifi yayanmu babba ne. Yanzu mutum biyu ba sa zagaye ta da hannu.

Da bazara in ɗorawa ta bushe mu ke kakkaɓowa da dogon gora. Mu sha garin har bakinmu ya koma rawaya, ita kuwa kalwar take so. Takan ɗora ta a wuta tun la'asar ta kwana tana dahuwa, da safe a zuba a turmi a surfa da toka, a kai rafi a wanke ɓawon ya tafi. A sake dafawa, a juye a kwando a lulluɓe da ganye da tsummoki, a ajiye a ɗakin da ba mai shiga. Kwana uku ba ka isa ka buɗe ba. In ta buɗe kuwa duk layin sai ya sani. Ɓawon ɗorawar ma ba ta zubarwa, makuba take jiƙawa a yi daɓen ɗaki da shi. Ban taɓa ganin ta sa dunƙulen kanti a miya ba, tana cewa gishiri ne aka sa wa riga.

Bakanon_Asali
"Gishiri ne aka sa wa riga." Kai, wannan tsohuwa da a Kano take da an yi mata sarauta.

Injiniya_Kongo
Bari in faɗi abin da ba za a so ji ba. Gona a bakin gari ba ta daɗewa gona. Ku dubi Dakace, ku dubi Ɗanmagaji, ku dubi Hanwa da Basawa, wuraren da muka sani da dawa da rake yau duk bulo ne. In maƙwabta sun sayar an gina, ku kaɗai kuka rage a tsakiya, to mangwaron na yaran unguwa ne, fadamar kuma ta zama juji. Gara a sayar da daraja a sayi wata babba can ciki wajen Soba ko Giwa.

Abu ɗaya kawai zan ja kunne. Ɓangaren fadamar kada a yanka wa mutane su yi gini. Galma in ta cika a watan Agusta ba ta tambayar wa ke da takarda.

Hajjo_TudunJukun
Injiniya, a sayi wata gonar a Soba, ɗorawar fa? A ɗauke ta a ka a kai can?

Tsohon_Ɗalibi
Wannan maganar ta tuna mini da rimayen Zariya. Da can in ka doso gari daga nesa rimi kake fara hangowa kafin ganuwa. Unguwanni ma da shi aka sa musu suna, Rimin Tsiwa, Rimin Doko. Yanzu yaro zai tashi a unguwar bai san audugar rimi ba, bai taɓa kwana kan matashin da aka cusa da ita ba. Kakarmu ita kuma Kufena ce wurinta. Bayan Sallah da kwana biyu takan sa a kai mu gindin dutsen, mu mu hau, ita ta shimfiɗa tabarma a ƙasa da ƙwaryar fura tana ƙirga mu. In muka sauko sai ta sake ƙirgawa. Wata shekara ta ƙirga ta ga an ƙaru da ɗaya, ashe wani yaron Wusasa ne ya biyo mu. Sai da ya sha fura ya ci dambu sannan aka mai da shi gida.

UmmuSadiq
Allah sarki. Ni tawa ba ta fita, amma tsakar gidanta daji ne. Zogale, lalle, yakuwa, rama, ga kabewa ta hau danga. Ni kishiya take ce mini, ƙanina kuma mijinta, kullum tana ƙorafin bai kawo cefane ba. Ranar da ya karɓi albashinsa na farko ya sayo mata turmin atamfa da goro ya ce ga cefanen shekara ashirin da biyar. Ta yi dariya har ta yi kuka. @Ɗan_Kwarbai shekarunta nawa Iya?

Ɗan_Kwarbai
Ba ta san shekarar haihuwarta ba. Abin da take cewa, an kai ta ɗakin miji shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna aka yi hawan daba, kakanmu har ya bi ayarin dawakin Zazzau ya bar ta tana amarya. Ta riƙe masa wannan har ya rasu.

Tsohon_Ɗalibi
1956 ke nan, zamanin Sarki Ja'afaru. In an yi mata aure tana sha huɗu ko sha biyar kamar yadda aka saba a lokacin, ta haura tamanin. Ta ga sarakuna huɗu: Ja'afaru, Aminu da ya hau a 1959, Shehu Idris daga 1975 zuwa 2020, sai mai martaba na yanzu, Ahmed Nuhu Bamalli.

Takwarar_Iya
Assalamu alaikum. Wata ƙawata ce ta turo mini wannan ta ce ko gidanku ne. Gidanmu ne. Yaya, ni ce, 'yar Baffa. Na gode wa duk wanda ya yi wa Iya addu'a.

Amma Yaya ka faɗi rabi ka bar rabi. Mutane za su ɗauka iyayenmu kwaɗayin kuɗi ne ya kama su tun ƙasar kabarinta ba ta bushe ba. Ka san Baffa yau shekara biyu ana yi masa wankin ƙoda. Ka san Goggo ƙarama haya take da marayu biyar. Su ma uwarsu ce, sun fi mu jin zafin rashinta.

Kuma tun da ana labari ne, a faɗi duka. Iya ba don shan iska ta fara zuwa gona ba. Ni na kwana ɗakinta shekara goma sha ɗaya, ni ta ba wa labarin. Da kakanmu ya rasu ya bar ta da yara bakwai, ƙaramarsu na goye. Da ta fita takaba ba ta da komai sai awaki huɗu da tasoshin aurenta. Su ta sayar, ta haɗa da kuɗin adashi da na daddawa ta sayi tudun. Fadamar daga baya ta ƙara. Mutane sun yi ta magana, har aka je aka gaya wa yayanta wai tana zubar musu da mutunci. Ta ce wanda ya ji kunya ya aiko da dawa. Ba wanda ya aiko.

Daga baya ne abin ya zama mata jiki, har 'ya'ya suka girma suka ce ta huta ta ƙi. Da aka kai ta Makka ma, abin da ta dawo tana ba da labari bayan Ka'aba da Rauda shi ne yadda ake ba dabino ruwa a Madina.

Sannan Yaya, kai da ake nema da bulala ranar zuwa gona? Kai ne ka ɓuya a rumbu.

Bakanon_Asali
Tofa! An zo da shaida.

Ɗan_Kwarbai
Mama, ban musa ba, ko ɗaya. Na ɓuya a rumbu, kuma ita ta rufe rumbun ta zauna a bakinsa tana tsinkar zogale har azahar. Maganar Baffa kuwa wallahi ban kawo ta ba ne don ban ga ya dace in baza ciwonsa a nan ba. Ban zargi kowa ba. Kawai in na tuna za a sa zarto a ɗorawar nan a yi gawayi da ita, sai in ji kamar an sake fitowa da makara.

Takwarar_Iya
Na sani Yaya. Ni ma ban iya zuwa wurin ba tun da aka yi rasuwar. Laujenta na nan rataye inda ta bar shi, ba wanda ya iya saukewa.

Sadauki_77
"Wanda ya ji kunya ya aiko da dawa." Na janye tambayata ta ɗazu gaba ɗaya.

Hajjo_TudunJukun
'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya ba Baffanku lafiya. Ku jikoki ku nawa ne?

Takwarar_Iya
Arba'in da ɗaya, tattaɓa-kunne goma sha tara. Bayan sallar asuba da carbi take bin sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. In ta manta wani sai ta koma farko.

Hajjo_TudunJukun
To mutum arba'in da ɗaya, a ce rabinku na da abin yi. Ba za ku iya haɗa kuɗi ku sayi gefen da itatuwan suke ba? A sayar da sauran, masu buƙata su samu, ku kuma ku riƙe inuwar.

Injiniya_Kongo
Hajiya, a baki da sauƙi. Na ga irin wannan a danginmu. Ranar taro kowa ya ɗaga hannu, ranar biya mutum shida suka rage. Kuma abin da mutum arba'in suka mallaka ba mai shi. Wa zai yi shinge, wa zai biya mai gadi? Bayan shekara goma 'ya'yansu za su dawo nan su buɗe irin wannan muhawarar.

Malam_Limanci
Maganin wannan waƙafi ne. In sun saya su tsayar da shi waƙafi da sunanta, a rubuta, a sa shaidu, mai unguwa ya sani, a naɗa mutum ɗaya mai kula. Waƙafi ba a sayarwa, ba a gadonsa. Amma sai da yardar magada a sayar musu, kuma da farashin da bare zai biya, kada a ci da zumunci a tauye marayu.

Manomin_Samaru
Ko an sayar ko ba a sayar ba, ga abin da ba ya buƙatar taro. Bazara mai zuwa ku tara kalwar bishiyar da ta shuka. Ɓawonta na da tauri, a jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana ko a ɗan kankare gefe kafin a sa a leda. Mangwaron kuma kada ku dogara da ƙwallo, yawanci ba ya fitowa irin uwar. A yanko reshe a yi masa aure da wani dashen, cikin shekara uku zuwa huɗu zai fara 'ya'ya. In kuna so ni zan zo in nuna muku, ba sai an biya ni ba. Kowane jika ya kai ɗaya gidansa.

Abba_Gyallesu
Wane gidan? Yawancinmu haya muke, tsakar gidan ma siminti ne.

Bazazzagiya
Ni dai duk wannan bai dame ni ba kamar abincin Juma'an nan. Gona ko an sayar ana iya sayen wani. Wa zai riƙa aika kwano da baƙar magana? Namu kakan da ya rasu, shekara ɗaya ba a yi ba muka koma sai a biki ko a makoki muke haɗuwa.

Takwarar_Iya
Juma'a shida ke nan Goggo babba na dafawa. Ta farko mun kai hamsin, wadda ta wuce mu goma sha huɗu ne. Yaya ma bai zo ba.

Ɗan_Kwarbai
Ina Kaduna wurin aiki, Mama. Wannan Juma'ar da ni in sha Allahu. Malam, zan kai wa babanmu maganar shufa'a da waƙafi, ranar Asabar za su sake zama. @Manomin_Samaru zan neme ka ta akwatin saƙo.

Bakanon_Asali
In fate za a yi ranar Juma'ar a faɗa mini, in shigo motar safe. Ta'aziyya zan zo, ba don komai ba.

Takwarar_Iya
Faten tsaki ne, da yakuwa da rama, da sauran daddawar da Iya ta bari. Ka zo da cokalinka. Malam, wata tambaya: jar akuyarta ta haihu shekaranjiya, biyu. Ni nake ba ta dusa tun Iya na kwance. 'Ya'yan ma gado ne?

Malam_Limanci
Gado ne, su da uwarsu. Amma ki rubuta kuɗin dusar.